Wasiƙa kan tace binciken likitanci

Abokina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Ka tambaye ni dalilin da ya sa likitoci ke fifita tsararriyar bita, wato tattara gwaje-gwajen da aka riga aka yi kan magani a tace su, a kan gwaji guda, alhali masu yin ta ba su duba majinyaci ko ɗaya ba.

Ƙaramin gwaji yakan ruɗi mutum, domin idan majinyatan ba su da yawa, dace kawai yana iya ƙawata magani marar amfani, ko ya binne mai amfani. Shi ya sa masu bita ke rubuta tambayarsu da sharuɗɗan zaɓe tun kafin su fara, sannan su zaƙulo duk gwajin da aka yi, su auna ingancin kowanne, in sun dace da juna a haɗe alƙalumansu, a bai wa babba nauyi fiye da ƙarami.

Ka dubi tambarin ƙungiyar Cochrane mai shirya irin wannan bita, wadda aka kafa a 1993. Layuka 7 ne a kwance, kowanne gwaji ne na yi wa mata masu shirin haihuwar bakwaini allurar siteroyid don huhun jariri ya yi ƙwari. Akasarinsu sun taɓa layin tsakiya da ke tsaye, mai nuna maganin bai kawo bambanci ba, wato su kaɗai ba su tabbatar da komai ba, amma alamar lu'ulu'un da ke ƙasa, wadda ta tattara su, ta faɗa hagu sarai: mutuwar jarirai ta ragu. Tun 1972 aka buga gwajin farko, sai dai an shafe shekaru kafin a haɗa hujjojin, jarirai kuwa suna ta mutuwa. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Duk da haka, kada ka rungumi kowace bita ido rufe. An taɓa haɗa ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna cewa magnesiyam yana ceton masu bugun zuciya, har gwajin ISIS-4 na 1995, mai majinyata sama da 58,000, ya nuna babu wannan amfanin. Wani abin da kan jawo irin haka shi ne, sau da yawa gwajin da bai ba da sakamako mai daɗi ba a durowa yake ƙarewa, ba ya kai ga bugawa.

Saboda haka, kafin ka karanta sakamakon takardar bitar da ke hannunka, fara duba inda suka nemo gwaje-gwajen, waɗanda suka watsar, da hujjarsu ta watsarwa. Ka aiko mini da ita mu duba tare.

Ka gaida mutanen gida.

Naka har kullum.