Wasiƙa ga Ɗana Soja Mai Gadin Kan Iyaka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Mu nan gida lafiya lau, alhamdu lillahi.

Saƙonka ya iso, na kuma ji zafin da ke cikinsa. Ka ce an ajiye ka a sansanin bakin iyaka, inda ba mai tunawa da kai, alhali waɗanda kuka yi horo tare suna babbar runduna, su ake gani, su ake ƙara wa girma. Ba zan ce maka babu bambanci ba, akwai shi. Sai dai kukan nan ya girme ka, ya girme ni. Sojojin Rum sun yi irinsa shekara dubu ɗaya da ɗari shida da suka wuce.

Sarkin Rum Diyokletiyan, wanda ya hau mulki a shekarar 284, ya zuba dukiya wajen gina ganuwoyi da ƙananan sansanoni, har da hanyar soja da ta taso daga wajen Dimashƙa ta bi ta Tadmur zuwa Kogin Furat. Da Sarki Konstantin ya zo, sai ya ƙarfafa rundunar da ke zaune can cikin ƙasa, wadda ake tayarwa duk inda babban yaƙi ya ɓarke. Soja ya kasu biyu ke nan: masu zaman iyaka, da masu fita fage. Na fage sun fi daraja da alfarma. Akwai ma dokar shekarar 372 da ta ce ɗan tsohon soja da bai kai tsawo ko ƙarfin shiga rundunar fage ba, a tura shi gadin bakin kogi. Ka ga raini a rubuce.

Amma ɗana, dubi aikin da masu zaman iyaka suke yi. A Masar, gefen hamadar Fayyum, an samu tarin takardun wani kwamanda mai suna Abinnayus, wanda ya riƙe sansanin mahaya dawaki a shekarun 340. Ba labarin manyan yaƙoƙi a cikinsu. Wannan ya rubuto an sace masa tumaki. Wani malamin Kirista yana roƙon a ba su aron raga, don bareyi suna cinye shuka. Wani limamin coci yana roƙon a yafe wa soja da ya gudu daga aiki, sau ɗaya tak. Ga kuma takardar da nake so ka riƙe: ƙorafi a kan wani soja da ke shan giya ya bugu, ya shiga gonaki, ya mai da ƙauye abin farautarsa. Duk abin da mutanen nan suka sani game da hukuma, a fuskar sojan sansanin suke ganinsa. Manomin Fayyum bai taɓa ganin sarki ba. Sojan da ke sayen albasa a kasuwarsu shi ne daular.

Kai ma haka kake a inda kake. Saboda haka kada ka ci kazar kowa ba ka biya ba. Kada ka tsare mai jaki ko mai babur don ya ba ka na goro. Ka gai da dagaci, ka san sunan mai unguwa, ka san rijiyar da makiyaya ke shayarwa da hanyar da ake bi in damina ta sauka. Wanda ka mutunta shi zai zo da dare ya raɗa maka cewa an ga baƙin fuskoki a daji. Babbar runduna ba ta da wannan kunnen, sai ta ara daga wurinku.

Kuma kada ka ɗauka rundunar fage ba ta faɗuwa. A ranar 9 ga Agusta 378, kusa da Adiriyanobul, garin da ake kira Edirne a Turkiyya yau, Gotawa, wata ƙabila da ta shigo daga arewa, suka karya rundunar gabashin daular Rum. Sarki Balens ya mutu a wurin, kuma wajen kashi biyu cikin uku na mayaƙansa ba su koma gida ba. Sau da yawa in aka yi irin wannan asara, daga masu zaman iyaka ake ɗebo bataliya a cike gurbi. Ashe dai da ma sun iya faɗa.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yadda masu zaman iyakar suka ƙare. A Batabis, garin Fasau na Jamus yanzu, inda Kogin In ke haɗuwa da Danub, wata 'yar ƙaramar bataliya ta ci gaba da tsare ganuwa lokacin da ɓangaren yamma na daular Rum ke rugujewa, wajen 476. Albashi ya yanke. Suka tura wasu daga cikinsu Italiya su karɓo wa 'yan'uwa haƙƙinsu. Aka kashe su a hanya ba wanda ya sani, sai da kogi ya turo gawarwakinsu gaɓa. Mutanen nan ba su gudu ba, waɗanda ke sama ne suka saki hannunsu. A gabas ma an ruwaito cewa zamanin Sarki Jastiniyan albashin masu gadin iyakar Farisa ya riƙa makara shekara huɗu ko biyar.

Don haka haƙƙinka ka neme shi, ba abin kunya ba ne. In alawus ya makara, ko kayan aiki sun gaza, ka rubuta ta hannun na gaba da kai, cikin ladabi, ka ajiye kwafi. In lokacin jarrabawar ƙarin girma ya zo ka zauna, ina so ka ci gaba. Amma kada jinkirin na sama ya sa ka huce a kan talakan da ke gabanka, kuma kada ɓacin rai ya sa ka yi gyangyaɗi a bakin gadi.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta haɗa maka kilishi da yaji, za a ba direban da ke zuwa wajenku ran kasuwa. Ka riƙe salla da azkar na safe da yamma. Ka kira ta in ka samu sabis, ta fi ni damuwa. Allah ya tsare ka, ya yi maka albarka.

Haza wassalam.

Mahaifinka.