Wasiƙa Zuwa ga Auta Kan Neman Na Kai a Intanet

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kuma karatu yana tafiya yadda ake so. Mahaifiyarka ta isar mini da saƙonka, cewa kana so ka fara neman ɗan abin kashewa ta intanet don ka rage zaman jiran abin da ake turo maka ƙarshen wata. Na ji daɗin wannan tunani, Allah ya yi maka albarka. Na ga gara in rubuto maka da mu yi ta a waya, domin maganar akwai lissafi a cikinta, kuma ina so ka riƙa komawa kanta.

Duk hanyar da aka kawo maka, ka fara yi mata tambaya ɗaya: wa zai biya ni, kuma me zan ba shi har ya yarda ya ciro kuɗinsa? In ka iya amsawa a taƙaice, misali "mai shago zai biya ni saboda na zana masa talla", to sana'a ce. In amsar ta zama doguwar lakca mai cike da alƙawari, ka ja da baya. Sannan ka sani babu hanyar da take kyauta. Data kuɗi ce, kuma tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a farkon 2025 ta ƙara nauyi. Cajin waya a shago kuɗi ne. Awa biyun da ka ɗebe daga lokacin bita ita ce mafi tsada a cikinsu.

Bari in fara kawar da waɗanda ba sa buƙatar dogon bayani. Amsa tambayoyin bincike don a biya ka an shirya shi ne galibi don masu sayayya a Amurka da Turai. Za ka yi minti goma kana cikewa, a ƙarshe a ce ba irinka ake nema ba. Wanda ya ɓoye ƙasarsa da VPN, wato manhajar da ke nuna kamar daga wata ƙasa yake, ranar cire kuɗi ake rufe masa asusu da abin da ya tara a ciki. Mainin na danna waya kuwa, wato danna fuskar waya don tara kuɗin intanet na kirifto, ka ga da idonka yadda aka ƙare da wasan Hamster Kombat a watan Satumba na 2024: wata da watanni ana danne-danne, mutane da yawa abin da suka samu bai mayar musu da kuɗin datarsu ba. Babban aibin waɗannan biyun shi ne ko shekara ka yi a kansu ba ka fita da wata ƙwarewa da za ka sayar gobe.

Sayar da data da katin waya sana'a ce ta gaskiya, jarinta kaɗan ne, kuma a makaranta ba ka rasa masu saye. Sai dai ka yi lissafi tukuna. A ce kana cin naira 50 a kowane ciniki. Kafin ka haɗa 10,000 sai ka sayar sau 200. Abubuwa biyu ke karya masu yin ta. Na farko bashi: abokin ɗaki ya ce "turo mini giga ɗaya, anjima zan ba ka", bashi ɗaya da bai dawo ba ya cinye ribar ciniki goma ko fiye. Na biyu, zuba jari duka a manhajar dila guda. Ranar da ta tsaya, ko mai ita ya ɓace, kuɗinka ya maƙale. In za ka yi, ka riƙa zuba na kwana biyu ko uku kawai, kuma kuɗi a hannu kafin data ta fita. Tana iya ɗauke maka nauyin datarka, amma kada ka sa ran fiye da haka.

Wadda ta fi ta kawo kuɗi da wuri ita ce tallar kaya a WhatsApp, kuma mu 'yan kasuwa ne tun kaka da kakanni, waya ce kawai ta shigo. Za ka iya farawa ba tare da ka sayi kaya ba. Ka sami dila ɗaya amintacce, a ce a Kantin Kwari, mai shadda ko atamfa ko huluna, ku yi magana a fili cewa za ka riƙa tallata kayansa, kana ɗora ribarka. Ka sauke WhatsApp Business, ka jera kayan da farashinsu a kundinta, ka riƙa sa uku ko huɗu a sitatus kowace rana. In ka jibga talatin, mutane za su daina buɗe naka. A ce ya ba ka turmi a 12,000, ka sa 13,500, kuɗin mota kuma a kan mai saye, ka faɗa masa tun kafin ya biya.

A nan nake so ka natsu, domin wuraren da ake faɗuwa sanannu ne. Hoto ne na farko. Wanda aka ɗauka ƙarƙashin ƙwan shago yana sauya launi, ruwan toka ya koma shuɗi, kaya su isa mace ta ce ba shi ta zaɓa ba. Ka ɗauki hoto da hasken rana, ka haɗa da gajeren bidiyo ana juya yadin a hannu. Na biyu, kada ka karɓi kuɗin kowa sai ka kira dila ka tabbatar kayan suna nan kuma farashi bai motsa ba, don kasuwa tana iya tashi tsakanin safe da la'asar, cikon kuma daga aljihunka zai fito. Na uku alat na bogi. Hoton rasit da saƙon tes ba shaida ba ne. Ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna kafin kaya su bar hannu. In za ka sa kaya a mota a tasha, ka rubuta suna da lambar mai karɓa a jikin ƙunshin da alƙalami mai kauri, ka karɓi lambar direba da ta mota, ka tura wa mai kaya nan take. Kuma ka buɗe asusu daban na sana'a, ko OPay ko Moniepoint ko wani banki, kada kuɗin mutane su gauraya da na abincinka. Da yawa ba asara ce ta karya su ba, uwar kuɗi suka ci suna zaton riba ce. Illar wannan hanya ga ɗalibi ita ce ba ta san lokacin lakca ba: mai saye yana son amsa yanzu, in ka yi jinkirin awa uku ya tafi wani wuri.

Akwai 'yar'uwarta, tallar kayan wani don a ba ka kamasho, kamar yadda ake yi a shafukan sayar da kaya irin su Jumia ko Selar. Ba ka taɓa kaya, ba ka zuwa tasha, amma sai kana da jama'a masu jin maganarka, wanda kai ba ka tara ba tukuna. Ka kuma kula da irin kwas ɗin da za a ce ka saya, in ka buɗe ka tarar abin da yake koyarwa shi ne yadda za ka sayar wa wani da shi kwas ɗin. Wannan zagaye ne kawai, na ƙarshe a layi shi ke biyan kowa.

Yanzu ga wadda zuciyata ta fi kwanciya da ita, wato ka koyi aikin hannu ka sayar da shi. Tana da jinkirin farawa, wata ɗaya ko biyu ba ka ga ko sisi ba, amma ita kaɗai ce farashinka yake hawa yayin da hannunka yake faɗawa. Da wayar da ke hannunka za ka iya koyon zanen talla da katin gayyatar biki a manhajar Canva, da yanka bidiyo a manhajar CapCut. Ka ba kanka mako huɗu, awa ɗaya kullum. Ka zana samfuri goma na sana'o'in da ke kewaye da kai: mai ɗinki, mai gyaran waya, mai sayar da turare, makarantar Islamiyya mai shirin saukar karatu. Sannan ka taka da ƙafarka ka nuna musu a waya. Uku na farko ka yi musu da rahusa bisa sharaɗin su bar ka ka nuna aikin a matsayin naka. Daga nan ƙa'ida biyu: rabin kuɗi kafin ka fara, kuma gyara sau biyu ne, na uku da kuɗinsa. In ba ka gindaya wannan ba, katin biki ɗaya zai cinye maka mako guda, yau a canza launi, gobe a ƙara sunan gwaggo. Samfurin da za ka tura don a duba ka sa masa tambarinka a tsakiya, sai an cika kuɗi ka tura mai tsabta. Ka karanta sunaye da kwanan wata sau uku, domin kuskuren harafi ɗaya a katin da aka buga ɗari biyar kai za a ɗora wa. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 yana koyar da fannonin fasahar kwamfuta kyauta, ka sa ido lokacin da za su buɗe rajista.

Kada kuma ka raina Hausarka. Masu jin ta miliyoyi ne, masu rubuta ta daidai kaɗan ne. Ƙungiyoyin agaji, masu bincike a jami'a da kamfanonin da ke koya wa kwamfuta harshe duk suna neman mai fassara da mai mayar da magana rubutu. Ka sa Hausa a allon rubutun Gboard don ka sami ɓ da ɗ da ƙ, ka koyi ƙa'idar raba kalma da haɗe ta. Wanda bai bambanta "ƙasa" da "kasa" a rubuce ba, gwajin farko yake faɗuwa. Ka san kuma cewa sautin awa ɗaya yana iya cin sabon hannu awa biyar ko shida, don haka kada ka yanke farashi kamar aikin awa ɗaya ne. Translators without Borders, ƙungiyar masu fassara don aikin agaji, suna karɓar 'yan sa-kai masu Hausa, wuri ne mai kyau na goge hannu da samun abin nunawa. Amma kada ka rataya rayuwarka a kan dandali guda: a watan Maris na 2024 Remotasks, dandalin da ke biyan mutane su yi aikin koya wa kwamfuta, ta rufe ƙofarta ga ma'aikatan Najeriya da Kenya ba shiri.

Na san abokanka za su ce ka tafi kai tsaye inda ake biyan dala. Za ka je, amma ba yanzu ba. Fiverr, dandalin da ake sayar wa mutanen waje aikin hannu, tana cire kashi 20, wato aikin dala 5 dala 4 ce taka, kuma sabon mai sayarwa sai ya jira kwana 14 kafin kuɗin su zama na cirewa, sannan Payoneer, kamfanin da ke turo maka kuɗin, da banki su ɗauki nasu. A Upwork kuwa, wani dandalin irinsa, neman aikin ma da tikiti ake yi, kuma sayen tikitin ake yi, ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba. Sabon asusu marar shaidar aiki yana can ƙasan dubbai. Wanda ya shiga da ayyuka ashirin da ya riga ya yi wa mutanen gari, da Turancin da zai fahimci abin da ake so, shi ke da abin nunawa.

YouTube da Facebook noma ne na shekara. Kafin YouTube ta fara raba maka kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90, kuma ba a turo kuɗi sai sun kai dala 100. Tallar da ake nuna wa mai kallo a Najeriya ba ta kai ta Amurka tsada ba, saboda haka kallo mai yawa kuɗi kaɗan. Wanda ya kwashi fim ko waƙar wani ya ɗora, haƙƙin mallaka zai rushe masa tasha. Abin da ya fi damuna shi ne yadda yunwar mabiya take sa 'ya'yan mutane zagi da tsiraici da shiga rigimar da ba tasu ba. In za ka yi bidiyo, ka yi shi don tallata aikinka na zane ko fassara.

Sauran magana ita ce wadda ba shawara ba ce, umarni ne. Duk inda aka ce ka zuba kuɗi su ninka, ba da yawuna ba. MMM, wani tsarin ninka kuɗi, ta daskare da kuɗin mutane a watan Disamba na 2016. Wata irinta, CBEX, ta yi alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rufe a watan Afrilu na 2025, mutane suka wayi gari ba ko kwabo. Salon ɗaya ne: kuɗin sababbi ake biyan tsofaffi da shi, shi ya sa na farko suke rantsuwa cewa an biya su, kuma gaskiya suka faɗa. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu tallata irin wannan, saboda haka ko jawo abokai kada ka yi. Haka masu turo saƙo a Telegram ko WhatsApp cewa ka danna wa bidiyo alamar so a biya ka: za su ba ka 'yan canji sau ɗaya ko biyu, sannan su ce ka ajiye kuɗi don a buɗe maka babban aiki. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Cacar ƙwallo kuwa ka san hukuncinta, ba sai na faɗa maka ba. Kada ka ba kowa BVN ko NIN ko lambar sirrin da banki ya turo maka, kuma kada ka ara wa kowa asusunka a turo kuɗi ta ciki, ko abokin ɗakinka ne. In kuɗin damfara ne, sunanka EFCC za ta gani, ba nasa ba.

Taura biyu ba ta taunuwa, ka ɗauki ɗaya. In da ni ne kai, zane ko fassara zan kama a lokacin karatu, tallar kaya kuma in bar ta sai hutu, lokacin da kake gida kusa da kasuwa. Ka sami ƙaramin littafi ka ja layi huɗu: kwanan wata, awannin da ka kashe, abin da ka kashe, abin da ya shigo. Awa biyu a rana ta isa, mako biyu kafin jarrabawa kuma ka ajiye komai. Bayan wata uku ka raba abin da ya rage da yawan awannin, ka zo mini da littafin mu duba tare. In alƙaluman sun nuna aikin yana tafiya, sai mu yi maganar laftof.

Kuɗin datar wata na farko yana kaina, zan haɗa maka da na wannan watan. Mahaifiyarka da yayyenka suna gaishe ka. Allah ya tsare, ya ba ka halal mai albarka.

Mahaifinka.