A ba samarinmu masu DJ fili a gidajen rediyon Katsina

Assalamu alaikum Edita, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Dan Allah a ɗan bani fili in yi magana kan yaran nan masu sana'ar DJ, don gaskiya rainin da ake masu a garin nan yana ci mani rai, kowa kallon marasa aikin yi yake masu alhali daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Sauri da wuya kaga biki ba'a kira su ba, kamu ne ko dina ko wuni, sai an ɗauko su da sifika da janareto, in biki ya tashi kuma a koma ana zaginsu.

Akwai wani baƙar fata a Ingila, Trevor Nelson, an haife shi a Landan 1964, iyayenshi daga tsibirin St Lucia suka je can. Shima haka ya fara, jigilar manyan sifiku yana sa kiɗa a taron samari da gidajen rawa. Lokacin manyan tashoshin ƙasar basu cika sa kiɗan baƙar fata irin su soul da reggae ba sai ɗan tsakure, shi yasa wasu matasa suka buɗe tashar Kiss FM a 1985 ba lasisi, a ɓoye suke watsa shiri hukuma na farautarsu, sai a 1990 suka fara watsa shiri da izini, to a wannan tashar ya goge da magana a iska. A 1996 BBC Radio 1 ta ɗauke shi, a 2002 aka bashi lambar girmamawa ta MBE saboda aikin da yayi wa matasa. Kuma ba ƙarar sauti ta kai shi nan ba, mutumin yayi aiki a harkar faifai tun yana saurayi, ya san mai waƙa ya san asalinta, in ya sa abu zai gaya maka daga ina ya fito.

To nan ne namu yaran suke da giɓi, kuma ba laifinsu bane don ba wanda ya zaunar dasu. Wallahi sun iya karantar taro, sun san lokacin da za'a sa na ƙawayen amarya da lokacin da iyaye mata zasu shigo fili a sassauta, wannan ba ƙaramar basira bace. Amma ka tambayi yaro mai laftof da filashi cike da waƙoƙi tarihin Mamman Shata, ɗan Musawa da ya rasu 1999, ko Barmani Choge ta Funtua da ta rasu 2013, sai ya tsaya yana sosa ƙeya, kuma duk 'yan jihar nan ne fa. Ga kaset ɗinsu can a akwatunan dattawa zafi da ƙura na cinye su.

Na san me malamanmu da iyaye ke kuka dashi, cakuɗuwar maza da mata, da kiɗa har tsakar dare maƙwabta ba barci, da rashin kashe sauti in an kira sallah. Ina tare dasu, a sa doka a tsayar da lokacin tashi, wanda ya karya a hukunta shi. Amma a ce a hana sana'ar gaba ɗaya, yaron da ke ciyar da mahaifiyarshi da ita ina zai nufa a wannan tsadar?

Roƙona ga Rediyon Jihar Katsina da Companion FM da Vision FM, a ware ko awa ɗaya ce a sati a haɗa matashin DJ da tsohon ma'aikaci, babba ya koya mashi ladabin magana da tarihin makaɗa, shi kuma ya taimaka a kwashe tsofaffin kaset a mayar dasu kwamfuta. Masu shaguna da 'yan kasuwa kuma dan Allah ku ɗauki nauyin shirin da talla. Na gode Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridar nan.

Naku mai sauraron rediyo,
daga Ƙofar Sauri, Katsina