Wasiƙa Daga Jos: Shafinka da Google Ya Musanya da na Wani

Amini na,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya tare da iyali, kuma zafin Sakkwato bai takura muku ba. Na karanta saƙonka inda kake kukan cewa idan aka nemi shagonka a Google, adireshin shafinka na intanet ne ke fitowa, amma bayanin da ke ƙarƙashinsa na wasu mutane ne da ba ka taɓa jin labarinsu ba. Ka kwantar da hankalinka, domin irin wannan ta taɓa samunmu a shafin ƙungiyarmu ta dillalan dankalin Turawa.

A wancan lokaci Google na da wani ɗan mahaɗi da ke buɗe kwafin shafi kamar yadda ya adana shi, kuma da na danna namu, sai ga hotunan wani otal na ƙasar waje a maimakon buhunan dankali. Na yi kwana biyu ina zargin Google, alhali shi abin da aka miƙa masa kawai ya ajiye. Manhajarsa mai yawo, Googlebot, tana ziyartar shafi, ta kwashe abin da uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta ba ta, ta tafi. Laifin yana wajen kamfanin da ya ba shafinmu masauki a intanet, wanda ya tara shafuka masu yawa a kan adireshin IP guda, wato lambar da ake gane uwar garke da ita, kamar gidan haya mai ƙofa ɗaya. Mu ba mu da takardar shaidar tsaro ta SSL, saboda haka duk wanda ya shigo ta https, wato ƙofar tsaro da ke buƙatar wannan takarda, sai uwar garken ta tura shi ɗakin farko da ta samu, wato na masu otal ɗin. Da Googlebot ta ga adireshi biyu da kaya iri ɗaya, sai ta ɗauke su a matsayin shafi guda, ta zaɓi nasu a matsayin na asali.

Wancan mahaɗin dai babu shi yanzu, domin Google ya cire shi a 2024, don haka kada ka ɓata lokaci wajen nemansa. Ka yi rajistar shafinka a Google Search Console, dandalin da Google ya tanadar wa masu shafuka, ka sa adireshin a cikin sashensa na binciken adireshi mai suna URL Inspection, ka duba wane adireshi Google ya zaɓa a matsayin na asali, sannan ka buɗe shafin kamar yadda Googlebot ta gan shi. Idan sunan wani ka gani a wurin, to ka kama bakin zaren.

Kafin ma ka je can, ka gwada da hannunka: ka rubuta adireshin da http, sannan da https, da www da kuma babu shi. Ƙofofi huɗu ke nan, kuma dole dukansu su kai ka gida ɗaya ta hanyar turawa ta dindindin mai lamba 301, ba ta wucin gadi mai 302 ba. Akwai kuma abin da na fi zargi a naka, tunda ka ce wani yaro ne ya gina maka shafin cikin kwana ɗaya: masu irin wannan aiki sukan kwafo ƙirar wani shafi, su manta da layin canonical da ke cikinta, wanda ke ci gaba da shaida wa Google cewa mai asalin yana can wani wuri. Layi ɗaya ne tak, ido ba ya ganinsa sai an buɗe rubutun da ke bayan shafin. Idan kuma tallar magunguna ko ta caca ce ke fitowa, wannan alamar kutse ce, sai ka canza kalmomin sirri tun kafin komai.

Bayan gyara, ka nemi Google ya sake ziyartar shafin ta cikin Search Console ɗin, amma kada ka sa ran ganin canji a ranar. Namu sai da ya haura mako biyu. Ina roƙonka kada ka taɓa sashen cire adireshi na Search Console mai suna Removals da nufin goge kuskuren, domin adireshinka zai ɓoye daga sakamakon bincike na kusan wata shida, kuma ba zai gyara komai ba.

Ka ɗauki hoton abin da URL Inspection ya nuna maka, ka turo mini ta WhatsApp tare da sunan kamfanin masaukinka, in duba kafin ka kira su. Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Naka amini,
daga Jos