Godiya ga ma'aikatan Cibiyar Nazarin Taurari ta Dutsen Wilson

Zuwa ga ma'aikata da 'yan sa-kai na wannan cibiya da ke jihar Kalifoniya a Amurka,

Bayan gaisuwa mai yawa, na rubuto ne in gode muku a bainar jama'a bisa yadda kuka karɓi mahaifina, wanda ya zo mana ziyara daga Kano. Baba tsohon malamin firamare ne, gwiwoyinsa sun yi rauni, kuma kafin mu zo wurinku na sha wuya a wasu wuraren da na kai shi. A wani wurin an bar mu tsaye a layi cikin rana, babu ko benci. A wani kuma mai rakiyar baƙi ta riƙa zuba bayani da gudu, Baba ya ɗaga hannu ta yi kamar ba ta gan shi ba. Shi ya sa da muka kama hanyar nan mai lanƙwasa zuwa saman dutsen, sama da mita 1,700, raina bai kwanta ba.

Dattijon da ya zagaya da mu ya kawar mini da wannan fargaba. Da ya lura da tafiyar Baba sai ya rage sauri, bai nuna mana mun hana kowa tafiya ba, duk inda aka tsaya kuma ya nema masa wurin zama. Ya ba mu labarin yadda George Ellery Hale ya kafa cibiyar a 1904 da tallafin gidauniyar Carnegie, aka fara aiki da na'urar hangen nesa mai madubi inci 60 a 1908, sannan ta Hooker mai inci 100 a 1917, wadda ta yi shekara sama da 30 babu kamarta a duniya. Gilashin madubinta tun daga Faransa aka kawo shi.

Baba ya tambaye shi me aka taɓa ganowa da ita. Dattijon ya tsaya yana jira in fassara masa jimla bayan jimla. Ya ce da ita ce masanin taurari Edwin Hubble ya gane a 1923 cewa Andromeda wani gungun taurari ne daban, can nesa da namu, a 1929 kuma ya nuna cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi. Amma abin da ya fi shiga ran Baba labarin Milton Humason ne, wanda ya bar makaranta yana yaro, ya yi korar alfadarai masu hawo da kayan gini kan dutsen, ya zama mai shara a cibiyar, daga baya ya zama abokin aikin Hubble. Baba ya sa aka maimaita masa, ya ce da ma yana aji ya faɗa wa ɗalibansa. Da lokacin azahar ya yi, shi dai dattijon nan ne ya nuna mana inuwa mai tsabta muka yi salla. Allah Ya saka masa da alheri, Ya ƙara masa lafiya.

Wata gobarar daji a 2020 ta zo dab da gine-ginen cibiyar nan, amma ga su nan a gyare, ana kula da su. Abin da ke ci mini rai shi ne mu ma muna da wuraren tarihi a gida da suka girme su nesa ba kusa ba. Ka je ka tarar da ƙofa a kulle, a ce mai makulli ya fita. In an buɗe, ƙura ta rufe kaya, babu mai yi maka bayani, yaran makaranta kuma a kore su don kada su yi hayaniya. Ba kuɗi kawai ake rasa ba, har da wanda zai zauna ya amsa tambayar tsoho ko ta yaro ba tare da ya ɗaure fuska ba.

Naku,
Wani ɗan Kano mazaunin Los Angeles