Roƙo ga tsofaffin ɗaliban kwalejinmu: iska ta yaye rufin masallaci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwa, iskar da ta zo da ruwan farko ta yaye rabin rufin masallacin kwalejinmu. Mu uku daga kwamiti muka je ranar Asabar muka gane wa idonmu. Kwanon yana can bayan ɗakin girki a nannaɗe kamar tabarma. Katakon da ya rage gara ta gama da shi, ka danna da yatsa sai ya burma. Silin ya sha ruwa ya rufto, Alƙur'anan da ke kan kanta duk sun kumbura. Mun tarar da Malam liman ya baza su a rana yana raba shafukan ɗaya bayan ɗaya, bai ko ɗago kai ba sai da muka yi sallama sau biyu.

Yara a gindin dogon yaro suke sallar Azahar, kun kuwa san ranar Sakkwato. In hadari ya haɗo da magariba, kowa sai ya shige ɗakin kwana ya yi tasa shi kaɗai. Ga 'yan ajin ƙarshe na fama da jarrabawar NECO, ga Agusta tafe. In ruwan malka ya sami bangon nan a buɗe, an bar maganar kwano, sai ta sabon gini.

Baba maigadi yana nan da ransa, ido ya yi rauni amma ya gane muryoyinmu. Ya ce, "Ku ɗai kunka zaka? Ina sauran? An ce duk kun zan manya."

Gaskiyarsa. Muka tsaya a bakin ƙofa muna lissafa masa. Mai tsare mana raga a ƙwallo likita ne yanzu a asibitin koyarwa. Ladaninmu, wanda muke jin haushinsa da sanyin asuba, alƙali ne. Biyu suna kwastan, ɗayan a kan iyakar Illela. Wanda lissafi ya hana barci a aji, yau shi ke loda tirelar albasa zuwa Legas, kuma babu mai cin sisinsa. Akwai mai aikin jinya a Ingila, akwai wanda ya gama digiri na uku yana koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wasu har sun aurar, sun ga jikoki. Huɗu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, Ya raya abin da suka bari. Dukanmu a wannan masallaci muka koyi daidaita sahu, a nan muka yi ta kuka ga Allah daren jarrabawa.

To ku ji wanda ya fara kawo nasa. Ɗan ajinmu ne da Allah bai nufa ya ci gaba da karatu ba, kabu-kabu yake yi tsakanin Mabera da tsohuwar kasuwa. Ya zo da kuɗi ƙulle a leda, duk 'yan canji, ya ce na buhun siminti ɗaya ne, kuma don Allah kada a ambaci sunansa. Matar ɗaya daga cikin mamatanmu ta aiko da tabarmi biyu da buta shida. Allah Ya saka musu da gidan Aljanna.

Ba tonon asiri muke yi ba, amma kun tuna taron Sallar bara. An ci an sha, mutane sun miƙe sun yi alkawura ana tafi, hotuna sun zaga Facebook. Ma'aji ya rubuta komai a littafi, littafin yana nan, mafi yawan layukan har yau babu alamar biya. Mun san halin da ake ciki, mai ya yi tsada, ga kuɗin makaranta, ga dangi. Sai dai alkawari kaya ne. Kuma mu ne fa a 2010, shekarar da ambaliya ta karya gadar jami'a, muka haɗa hannu muka tayar wa malaminmu na Larabci ɗakinsa da ya faɗi. A lokacin waninmu bai mallaki ko babur ba.

Abin da ake buƙata kwano ne, katako, ƙusa, silin da kuɗin kafinta, sai siminti na ɗaure saman bango. A nan Kalambaina ake yin simintin, amma ba kyauta ake ba mu ba. Abin da ke hannu bai kai rabin kuɗin kwano ba.

Don girman Allah, kowa ya miƙo abin da ya sawwaƙa. Mai bandir ya ba da bandir, mai falle ɗaya ya ba da falle ɗaya. Kun san hadisin wanda ya gina wa Allah masallaci, ba sai mun karanto muku ba. Lambar asusu tana wurin ma'aji. Na cikin gari kuma a zo ranar Asabar bayan La'asar a gani da ido, Baba maigadi ya ce zai bar ƙofa a buɗe.

Wassalam.
Kwamitin gyaran masallaci, a madadin tsofaffin ɗalibai, Sakkwato.