Barka da Sallah daga garin masu talotalo

Boston, Amurka
Juma'a, 10 ga Zulhajji 1430, 27 ga Nuwamba 2009

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, barkanku da Sallah, Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Mu nan lafiya lau, ni da surukarku da takwaran Baba, sai dai sanyi da kewa.

Ƙarfe biyar na yamma ne yanzu, amma duhu ya rufe kamar an idar da isha'i. Ku kuwa sha ɗayan dare ya yi, na san rago na rataye a rumfa, yara sun yi barci da lalle a hannu da maiƙo a baki. Sau huɗu ina bugo waya layi bai shiga ba. Shi ya sa na zauna rubutu, Yaya ya karanta muku da safe in ya buɗe imel.

Mun yi Idi a sabon masallacin unguwar Roxbury, a cikin gini, kowa ya ɗora rigar sanyi a kan kayan Sallarsa. Ga Sumaliyawa, ga Larabawa, ga mutanen Pakistan. Ana sallamewa kowa ya nufi motarsa. Ba algaita, ba doki, ba yaron da ya tare ni da barka da Sallah. A hanya na ga kantuna cike maƙil, har na ɗan ji daɗi kamar da mu ake yi, ashe ranar karya farashi ce da suke yi kowace shekara.

Layya kuma kuɗi muka biya wani mahauci a bayan gari, ya ce sai jibi. Zai zo a ƙulle cikin leda, an yayyanka, ba kai ba ƙafa, kayan ciki ma ba a maganarsu. To Inna, wannan shi ne abin da ya tsaya mini a rai tun safe. Ni ba tsokar nake kewa ba. Suyar ranar farko nake so, lokacin da rago bai ma gama tsanewa ba kin riga kin ɗora tukunya: hanta, ƙoda, tumbi, da hanjin nan da Gwaggo ke kitsawa kamar gashin amarya. Kitse ya narke, gidan ya ɗauki ƙamshi, ƙaurin babbaka na shigowa daga ƙofar gida. Sai ki tsamo hantar farko da matsami ki sa a murfin kwano a kai wa Baba, ta biyun kuma ki miƙo mini ta bayan zani wai kada su Auta su gani. Tana ƙona yatsu, ina hura ta ina dangwalar yaji. Har kakiden da kike zubawa a tsohon gwangwanin madara, mu yi wata guda muna sa wa tuwon ɗumame, yau da zan samu cokali ɗaya da na yi Sallah.

Bari in bar wannan kafin in ɓata wa kaina rai, in ba ku abin dariya. Jiya da muke azumin Arfa, su kuma babban bikinsu ne, Ranar Godiya, da suke yi Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwar malamar makaranta, ta gayyace mu. Da na ce ina azumi sai ta ɗaga cin abincin har rana ta faɗi, wajen huɗu da kwata, ta kuma nemo talotalon yankan Musulmi. Allah ya saka mata. Talotalo ya kusa girman ɗan akuya, amma nama fari fat, ba barkono ba daddawa, sai ka ce an dafa wa majinyaci. Kabewa kuwa, wadda muka sani a miyar taushe, su sukari suke sa mata su gasa! Surukarku ta zaro kwalbar yaji daga jaka, tsohuwa ta ɗanɗana, ta sha ruwa kofi biyu.

Ita ce a watan jiya ta kai mu Plymouth, garin da labarin bikin ya samo tushe, tafiyar kamar awa ɗaya kudu da nan. Akwai dutsen da suke cewa a kansa kakanninsu suka sauka, an rubuta 1620 a jikinsa. Na tafi da Dala a raina, na tarar da abin da bai wuce saniya a kwance ba. Amma labarin mutanen ya kama ni, don na ga 'yan ci-rani ne kamar mu.

Manoma ne daga ƙauyukan Ingila da suka ce ba za su bi cocin sarki ba, zamanin Sarki James na ɗaya. Aka yi ta cin su tara ana ɗaure su, sai suka tsallaka Holan a 1608, suka zauna a birnin Leiden. Can ba mai hana su ibada, amma manomi ya koma ɗan ƙwadago a wajen masaƙa, 'ya'yansu kuma suna ta rikiɗewa suna zama 'yan Holan. Shi ne wasu suka ce gara a ƙetare teku. Kuɗin jirgi babu, sai attajiran Landan suka zuba jari, da sharaɗin shekara 7 duk abin da aka samu na haɗaka ne, sannan a raba. Kun ga tun ba su taka ƙasa ba bashi na wuyansu.

Mutum 102 ne a jirgin, sunansa Mayflower, kuma ba duka ne masu gudun addini ba, akwai waɗanda neman arziki kawai ya fito da su. Kwana 66 suna kan ruwa. Mun shiga kwaikwayon jirgin da aka ƙera aka ajiye a bakin ruwa, inda suka kwana sai da na sunkuya, tsakar gidanmu ta fi shi sakewa. Sun sauka a Disamba, tsakiyar hunturu, irin wanda ni da rigar sanyi biyu da na'urar ɗumama ɗaki nake kuka da shi. Kafin bazara kusan rabinsu sun mutu. Cikin matan aure 18, huɗu kaɗai suka ga kakar farko.

Sun zo da niyyar kamun kifi, ashe ƙugiyoyin da suka kawo sun yi girma. Irin masarar da suka fara shukawa ma tono shi suka yi daga ma'ajiyar mutanen ƙasar da suka tarar a binne, daga baya suka biya. Filin da suka zauna kuwa kufan wani ƙauye ne, Patuxet, wanda annoba ta share 'yan shekaru kafin zuwansu. Wani ɗan ƙauyen, Tisquantum, ya tsira ne don wani Bature mai jirgi ya sace shi a 1614 ya kai shi Sifaniya zai sayar. Ya kuɓuta, ya zauna Landan, ya koyi Turanci, ya dawo a 1619 ya tarar ba kowa. Wannan mutumin shi ya koya musu noman masara, a haƙa rami a binne kifi a matsayin taki. Baba, taki da kifi! Na ce da a Kura ne da sai dai a shuka masarar haka nan, kifin ya shiga miya. Masara ta yi kyau, waken da suka kawo daga Ingila ya ƙone a gona. Da kaka ta zo a 1621 suka yi kwana uku ana ci, Massasoit sarkin ƙabilar Wampanoag ya zo da mutanensa wajen 90, suka harbo barewa biyar. Wannan walimar ce ake jingina bikin jiya da ita, ko da yake sai a 1863 Shugaba Lincoln ya mai da shi na ƙasa duk shekara.

Akwai wanda zai ba Baba sha'awa. Da farko gandu suke yi zalla, kowa ya yi noma a zuba a rumbu ɗaya. Samari suka fara gunaguni, don me za su yi wa matan wasu da 'ya'yan wasu wahala. A 1623 gwamnansu, William Bradford, ya yanka wa kowane gida gayauna, nan da nan har mata suka fita shuka da yara a gefe. Na tuna rigimar Baffa da 'ya'yansa kan gonar fadama, na yi ta dariya ni kaɗai. Shanu kuwa sai a 1624 suka iso, karsana uku da bijimi ɗaya.

Abin da ya riƙa kawo musu kuɗi fata ce, ta wata dabbar ruwa mai kama da ƙatuwar gafiya da suke kira biba, da gashinta ake yi wa manyan Turai hula. Su ba mutanen ƙasa masara, su karɓi fata, su aika Landan. Kayan farko da suka loda a 1621, na wajen fam 500, Faransawa suka tare jirgin suka kwashe. A 1626 aka daidaita za su fanshi kansu kan fam 1,800, suna biyan 200 duk shekara. Ba su rabu da bashin nan ba sai 1648. Da tsohuwa ta faɗi haka sai na ji cokali ya yi mini nauyi, don gonar da kuka jinginar wa Kawu saboda kuɗin jirgina ce ta faɗo mini. Ban manta ba, Baba. Saura kashi ɗaya cikin uku, in Allah ya yarda kafin damina za ta dawo hannunku.

Wani cikinsu, Edward Winslow, ya rubuta wa abokinsa na Ingila wasiƙa yana ba da labarin walimar da yalwar da suke ciki. Jirgin da ya ɗauki wasiƙar ya sauke musu sababbin baƙi 35 ba guzuri, yana tashi aka mai da kowa rabin awo. Ban ga laifinsa ba. Ni ma hoton da na aiko muku a jikin farar motar nan, ba tawa ba ce.

Ƙarshen labarin ba daɗi, kuma ita tsohuwar da kanta ta faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Baƙi suka yi ta zuwa, a 1630 wani ayarin masu addinin ya kafa Boston ɗin nan da muke ciki, fili ya yi ta fita daga hannun masu shi. A 1675 yaƙi ya ɓarke, aka kashe Metacom, ɗan wannan Massasoit da ya kawo barewa, aka kafa kansa a kan sanda a Plymouth. Tun 1970 jikokinsu ke taruwa a can ranar bikin, su a wajensu ranar makoki ce.

Ni dai maganar Leiden ce ta hana ni barci. Takwaran Baba yanzu in na ce zo nan da Turanci yake amsawa. Yau na sa masa hular da Inna ta aiko, na koya masa barka da Sallah, ya faɗa sau ɗaya ya cire hular wai tana masa ƙaiƙayi. Mun yanke shawara da uwarsa, in ya kai shekara bakwai zai zo ya yi ko da shekara biyu ne a gabanku, ya shiga allo wajen Malam.

A gaishe mini da Hajiya Kaka, gaisuwa ta musamman. A ce mata maigidanta na nan bai yi mata kishiya Baturiya ba, kuma maganin ƙafar yana hanya, ta daina ɓoye goro a ƙarƙashin filo, likita ya hana. A ce mata har yau in na ji sanyi addu'ar da ta koya mini nake karantawa. A gaida Gwaggo, a ce hanjin bana ta kitsa da ni a rai. A gaida Yaya da iyalinsa, da Baffa, da Kawu. Inna ta Fagge da ke Makka, mun ji labarin ambaliyar Jidda, don Allah duk wanda ya ji muryarta ya sanar da ni, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. A gaida Malam da almajiransa, da mai shayin bakin layi, ina sane da naira ɗari biyunsa. Sauran 'yan uwa da maƙwabta duk ina gaisuwa.

Auta, kai kuma na ji an ce kai ka riƙe ƙafar rago bana, har kana cika baki. Gobe in za ku kallon hawan Daushe ka riƙe hannun yara, kada ka bar su kusa da dawaki. Ka ɗauko mini hoto ko da daga nesa ne. Kuma hantar da Inna ta miƙo maka ta bayan zani, ka sani aro ce.

Zan sake gwada waya jibi Lahadi bayan la'asar ɗinku. Inna, a tanadar mini yaji da kuka da daddawa, akwai mai zuwa a watan gobe. Nama dai kada a sa, ƙwacewa suke yi a filin jirgi.

Wassalam,
Ɗanku